Bin Sawun Aikatau a Helenancin Markus

8 ga Janairu, 2025

Aikin da na ɗora wa kaina a farkon shekarar nan shi ne karanta Bisharar Markus da Helenanci daga ayar farko har ta ƙarshe, ina yi wa kowane aikatau alama da fensir mai launi. Ajinmu na nazarin Littafi Mai Tsarki zai shiga Markus bayan Ista, ni kuma aka ba jagoranci. Ba na so in tsaya gaban dattawa da matan zumunta in ce "a Helenanci ma'anarsa kaza ce", alhali haddar littafin nahawu kawai nake juye musu.

Sigogi huɗu zan fi sa wa ido. Masu nahawun Helenawa na dā sun kira su aoristos, enestos, paratatikos da parakeimenos. Ta farko zan taƙaita sunanta in ce aoris, launinta ja. Ta biyu zan ce mata mai-ci, shuɗi. Ta uku mai-ci ta baya, kore. Ta huɗu zaunanniya, irin ta "a rubuce yake", ruwan ɗorawa. Na buga nassin a takarda mai faɗin gefe don in sami wurin rubutu.

Yawancinmu a matsayin lokuta muka fara sanin sigogin nan, wannan ta jiya, waccan ta yau. Amma tun da Stanley Porter ya fitar da bincikensa a 1989, Buist Fanning kuma ya biyo da nasa a 1990, magana ta koma kan abin da zan kira mahanga, wato ta inda mai magana ya zaɓi ya nuna maka aikin. Kowannensu aikinsa ya yi daban, ɗaya a Sheffield ɗaya a Oxford, suka haɗu a kan wannan, suka kuma rabu a kan wasu batutuwa masu nauyi. Sai na yi nisa a nassin kafin in sa baki a rigimarsu.

19 ga Janairu

Babi na ɗaya ya kammala. Ga yadda mahanga ta zauna mini a kai. Ranar hawan sallah, wanda ya hau bene yana ganin ayarin a dunƙule, daga dokin farko har na ƙarshe. Wanda ke tsaye a bakin titi kuwa dawakai ne ke ta wucewa ta gabansa, bai ga inda abin ya soma ba, bai ga inda zai ƙare ba, yana tsakiyarsa. Hawan ɗaya ne, tsawonsa bai canza ba. Aoris kallon mai bene ce. Mai-ci da mai-ci ta baya kallon na bakin titi ne.

Abin da ya faranta mini rai shi ne kunnen Bahaushe ya riga ya saba da irin wannan. Bambancin "ya gina ɗaki" da "yana ginin ɗaki" ba na jiya da yau ba ne. Kana iya cewa "bara da na je yana ginin ɗaki", kana kuma iya cewa "baɗi in ka je za ka tarar ya gina". A makaranta an ce mana "na" da "ya" na shuɗaɗɗen lokaci ne, amma baƙon da ya miƙe a zaure ya ce "to, na tafi" ko takalmi bai sa ba tukuna. "Na sani", "na gaji", "na yarda", duk maganar yanzu ce.

Shi ya sa Markus 1:11 ba ta ba ni wahala ba. Muryar da ta zo daga sama ta ce en soi eudokesa, wato "na ji daɗinka", kuma aikatau ɗin aoris ne. Mai kallonsa a matsayin jiya zai shiga ruɗu: yaushe Uban ya ji daɗin Ɗan, yanzu kuma fa? Mu da muke cewa "na yarda da kai" ba mu da wannan matsala.

Sai dai harsunan biyu ba su dace ƙafa da ƙafa ba. Hausa ta ware wa aikin sabo sigarsa, "yakan", Helenanci kuwa cikin mai-ci yake zuba shi. Helenanci yana kuma da wani ɗan wasali "e" da yake liƙawa a goshin aikatau a wasu sigogi, wanda yawancin masana suke ɗauka alamar shuɗewar lokaci ce. Mu ba mu da kamarsa.

2 ga Fabrairu

Na ajiye Markus na ɗan lokaci saboda wata magana da muka taso muna ji a wa'azi: wai aoris tana nufin aikin da aka yi sau ɗaya tak, ba ƙari. Na bi ayoyi ina gwada wannan ƙa'ida, ba ta tsaya da ƙafarta ba.

A Yahaya 2:20 Yahudawa sun ce shekara 46 aka yi ana ginin Haikali, kuma aikatau ɗin, oikodomethe, aoris ne. A Romawa 5:14 mutuwa ta yi mulki tun daga Adamu har zuwa Musa, ebasileusen, aoris. A Ayyukan Manzanni 28:30 Bulus ya zauna shekara biyu cur a gidan haya a Roma, aoris. A Wahayin Yahaya 20:4 sun yi mulki tare da Almasihu shekara 1,000, aoris. Wadda ta fi kashe bakin gardama ita ce 2 Korantiyawa 11:25, inda Bulus yake lissafa wahalolinsa: sau uku aka yi masa dūka da sanda, sau ɗaya aka jejjefe shi, sau uku jirgi ya fashe da shi. Aikatau uku a jere, dukansu aoris. "Sau uku" da "sau ɗaya" daga kalmomin tris da hapax suka fito, sigar aikatau ba ta faɗi ko ɗaya ba.

Wannan bai taɓa koyarwar mutuwar Almasihu sau ɗaya ba ko kaɗan. Romawa 6:10 ta faɗe ta ƙarara da kalmar ephapax, haka Ibraniyawa 7:27 da 10:10. Inda marubutan suka so su ce sau ɗaya tak, suna da kalmar, sun kuma yi amfani da ita. Frank Stagg ya yi kukan irin wannan nauyi da ake jibga wa aoris tun a 1972, amma har yau maganar tana yawo a kan bagadi. Tana damuna, domin gaskiyar da aka kafa a kan hujja mai rauni takan sha kunya ranar da wani ya binciki hujjar.

Abu biyu ke nan da dole in riƙa rabewa. Akwai mahanga, wadda sigar aikatau ke ɗauke da ita. Akwai kuma yanayin aikin kansa, ko na ƙiftawar ido ne, ko mai tsawo, ko mai maimaituwa, abin da Jamusawa suka raɗa wa Aktionsart. Wannan na biyu daga ma'anar kalmar da maƙwabtanta a jimla ake gano shi.

11 ga Fabrairu

Babi na biyu da na uku. Shuɗi ya yi yawa a wuraren da labari ne na abin da ya wuce. Masu ƙidaya sun ce Markus ya yi haka kusan sau 150, kuma kusan rabinsu "yana cewa" ne ko "suna cewa". Luka da ƙyar yake yi.

24 ga Fabrairu

Markus 4:35-41, labarin hadari a teku. A nan na fara ganin amfanin fensiran, domin da na ɗaga takardar na dube ta daga nesa, launukan kaɗai sun ba da labarin.

Farkon shafin shuɗi ne. Yesu "yana ce" musu a haye, legei. Suna "ɗaukarsa" a jirgi, paralambanousin. Babban hadari "yana tasowa", ginetai. Sai kore ya shigo: raƙuman ruwa suna ta bugun jirgin suna zuba ciki, epeballen, shi kuwa yana can baya a kan matashi yana barci. Shuɗi ya dawo, suna tashinsa, suna ce masa, Malam, ba ka damu ba muna hallaka? Daga nan har ƙarshen mu'ujizar ja ne zalla. Ya tsawata wa iska, epetimesen. Ya yi wa teku magana, eipen. Iska ta kwanta, ekopasen. Wuri ya yi tsit, egeneto. Huɗu a jere, ba jinkiri. Sai a aya ta 41, bayan tsoro ya kama su, kore ya sake fitowa: elegon, suna ta ce wa juna, wane ne wannan? Markus ya rufe aikin Yesu, ya bar tambayar almajiran a buɗe.

Duk wanda ya taɓa jin tsohuwa tana tatsuniya ya san wannan saƙa. "Yana tafiya yana tafiya, sai ya ga wata bukka." "Yana" ita ke shimfiɗa fili, "sai ya" da "suka" su ke tura labari gaba. Haka kore da ja suke aiki a Markus. Shuɗin nan na cikin labari kuwa, na lura ya fi fitowa a bakin sabon fage, ko inda wani sabon mutum ya shigo, ko gab da magana mai muhimmanci. Kuturun 1:40 da shi ya shigo, erchetai. Ban gamsu da bayanin da ake yi cewa don a sa labari ya yi armashi kawai ba ne. In da haka ne, da tsawatar iska ce ta fi cancantarsa, amma can Markus ja ya sa. Na fi ganinsa kamar jan hankali, mai labari yana cewa ku saurara, ga abu tafe.

Umarnin da aka ba teku kalma biyu ne, siopa, pephimoso. Ta farko mai-ci, ta biyu zaunanniya, kuma umarni a wannan siga ba kasafai ake samunsa a Sabon Alkawari ba. Asalin aikatau ɗin sa takunkumi ne. Na rubuta a gefe: yi shiru, zauna a takunkume.

9 ga Maris

Na iso babi na tara. A 9:38 Yahaya ya kawo ƙarar wani mutum da suka gani yana fitar da aljanu da sunan Yesu, ya ce ekoluomen auton, mai-ci ta baya. Ba a ce sun hana shi ya hanu ba, hoton hanawar ake nuna mana tana cikin gudana. Bahaushe zai ce "muka yi ta hana shi" ko "muka nemi hana shi". Wasu kwafe-kwafen hannu na baya aoris suke da ita a wurin, abin da ke nuna masu kwafa su ma sun ji bambancin. Irinta ce a Matiyu 3:14, inda Yahaya Maibaftisma ya so ya hana Yesu, da Luka 1:59, inda dangi suke shirin sa wa jariri suna Zakariya uwarsa ta ce a'a. Sigar tana barin ƙarshen aiki a buɗe, sauran labarin ne ke gaya mana ko an kai ko ba a kai ba.

22 ga Maris

Na kai wa wani dattijo ziyara, tsohon mai bishara da ya koyi Helenanci tun ban san harafin alfa ba. Na tarar da shi a gindin dalbejiya, Sabon Alkawarinsa na Helenanci a kan cinya, bangonsa an ɗinke da zaren buhu. Bayan gaisuwa na shimfiɗa masa takarduna a kan tabarma.

Ya ce, "Ɗana, shekaru na yi ina wa'azin Romawa 12:1. An koya mana parastesai aoris ce, wato ka miƙa jikinka ga Allah sau ɗaya, shi ke nan. Yanzu kana nufin ba haka ba ne?"

Na ce, "Baba, kiran da kuka yi wa mutane su miƙa kansu yana nan a ayar, babu mai cire shi. Sau ɗayan ne sigar ba ta faɗa ba." Na buɗe masa 2 Korantiyawa 11:25. Ya bi ta da yatsa a hankali, ya gyaɗa kai. Sai ya juya shafi da kansa zuwa Romawa 6:13, ya ce, "To, in ba bambanci, me ya sa Bulus ya sauya siga a aya guda? Kada ku miƙa gaɓoɓinku ga zunubi, paristanete, sannan ku miƙa kanku ga Allah, parastesate."

Tambaya ce ta wanda ya san nassi. Na ce masa bambanci akwai. Ta farko tana kallon abin a matsayin hanyar rayuwa da ake bi, ta biyu tana yin kiran a dunƙule, ba ta ce sau nawa ba. Muka koma Addu'ar Ubangiji, inda abin ya fi fitowa fili. Matiyu 6:11 ta ce dos, aoris, tare da kalmar "yau": ka ba mu yau. Luka 11:3 ta ce didou, mai-ci, tare da "kowace rana": ka riƙa ba mu kowace rana. Roƙo ɗaya ne, kowane marubuci ya zaɓi sigar da ta dace da kalmar lokacin da ya sa. Haka Matiyu 5:42 da Luka 6:30. Matiyu ya ce wanda ya roƙe ka, ka ba shi, dos. Luka ya ce duk mai roƙonka, didou.

Baba ya yi dariya ya ce ashe "riƙa" da "dinga" da muke faɗa kullum su ne maganin abin. Na ce sau da yawa, amma ba ko'ina ba. In muka liƙa "riƙa" a kan kowane umarni mai-ci, mun koma gidan jiya ta wata ƙofa. A Markus 2:11 Yesu ya ce wa shanyayye egeire da hupage, dukansu mai-ci, kuma ba ce masa ya yi ya riƙa tashi ya riƙa tafiya gida ba. Akwai aikatau da al'adar harshe ta riga ta zaunar da su a siga ɗaya, ba zaɓi marubuci ya yi ba balle a ciro ma'ana daga ciki.

Mun taɓa ƙa'idar hani ma, wadda ta ce hani da mai-ci "daina" ne, hani da aoris kuma "kada ka soma". A Luka 8:52 ta yi daidai, mutane suna ta kuka Yesu ya ce me klaiete, mai-ci, wato ku daina kuka. Amma a Yahaya 3:7 Nikodimu ya riga ya cika da mamaki, aka ce masa me thaumases, kada ka yi mamaki, aoris. Hanin rantsuwa kuma aoris ne a Matiyu 5:34, mai-ci ne a Yakubu 5:12. Baba ya ce in rubuta masa ayoyin nan da manyan baƙaƙe, zai bi su da kansa.

5 ga Afrilu

Babi na goma zuwa na sha huɗu. Daga shiga Urushalima ja ya ƙaru, labari ya ɗauki sauri. A wa'azin babi na sha uku umarni kusan duk shuɗi ne, blepete, gregoreite, ku lura, ku zauna a faɗake. A nan "riƙa" ta dace, domin zancen jira ne wanda ba a san ranar ƙarewarsa ba.

19 ga Afrilu

Jiya Juma'a Mai Kyau, na karanta babi na sha biyar, yau na ƙarasa na sha shida. Ruwan ɗorawa shi ne launin da ya fi ƙaranci a takarduna, shi ne kuma masana suka fi rabuwa a kansa. Porter ya ce mahanga ce ta uku, mai nuna halin da abu yake ciki, kamar yadda K. L. McKay ya gani. Fanning ya ce haɗi ce: aikin da ya gabata, halin da ya bari, da kallon dunƙule. Constantine Campbell, a bincikensa na 2007, ya ce 'yar gidan mai-ci ce, sai dai ta fi matsowa kusa.

Ni Hausa ce ta fi taimaka mini a nan. Muna da "an rubuta", muna da "a rubuce yake". Gegraptai, da Markus ya buɗe bishararsa da ita a 1:2, ita ce ta biyun. A 16:4 matan sun ɗaga ido suka ga dutsen a mirgine. A 16:6 saurayin da ke cikin kabarin ya kira Yesu ton estauromenon, gicciyeyye, zaunanniya, sannan ya ce egerthe, ya tashi, aoris. Bulus kuwa a 1 Korantiyawa 15:3-5 ya jera huɗu: ya mutu, aoris, aka binne shi, aoris, egegertai, zaunanniya, ya bayyana ga Kefas, aoris. Ja, ja, ruwan ɗorawa, ja. Sauya siga a tsakiyar jeri irin wannan ba banza ba ne. Mutuwa da binnewa an ba da labarinsu, tashin kuwa an nuna shi a matsayin halin da yake ciki, a tashe yake, kuma a kan wannan dukan babin ya ginu. Amma tashi ɗaya ne Markus ya faɗa da aoris, Bulus ya faɗa da zaunanniya. Abin da ya faru bai canza ba, inda kowannensu ya tsaya ya nuna shi ne ya bambanta.

Aya ta 8, inda tsofaffin kwafe-kwafe biyu na ƙarni na huɗu, Sinaitikus da Batikanus, suka tsaya, ta ƙare da kore. Matan suka gudu, ba su ce wa kowa kome ba, duka ja, sannan ephobounto gar, don suna jin tsoro.

27 ga Afrilu

Yanzu ina iya faɗin inda na tsaya a rigimar lokaci. Porter ya ce sigogin Helenanci ba sa ɗauke da lokaci ko kaɗan, daga muhalli kaɗai ake gane shi. Hujjojinsa na gaske ne: Markus 1:11, da Yakubu 1:11 inda rana ta fito ciyawa ta bushe da aoris alhali abin kullum ne, da Romawa 8:30 inda ɗaukakar da ba ta zo ba tukuna aka faɗe ta da aoris. Amma bayan na bi babi sha shida da fensir, jan da ke cikin labari kusan duka na abin da ya wuce ne, kore ma haka. "Na tafi" da baƙo yake faɗa a zaure ba ta hana "na tafi kasuwa jiya" zama abin da aka fi ji ba. Na fi karkata ga Fanning da masanan da Steven Runge da Christopher Fresch suka tattara aikinsu a 2016: mahanga ce a gaba a ko'ina, amma a jimlar bayani lokaci ma yana nan, ɗan wasalin goshi yana nuna shi. A umarni da sauran sigogin da ba su da wasalin, mahanga ce kaɗai.

Ajin zai fara ranar Laraba. Ba zan kai musu sunayen sigogi ba. Zan karanta labarin hadarin da Hausa, in sa su nuna mini inda "yana" take da inda "sai ya" take, daga nan mu tambayi kanmu me Markus ya shimfiɗa, me kuma ya tura gaba.

Wata 'yar'uwa ta riga ta aiko da tambaya a kan 1 Yahaya 3:9, inda aka ce haifaffe daga Allah ba ya yin zunubi. Amsar da aka saba bayarwa ita ce poiei mai-ci ce, don haka zunubin sabo ake nufi. Sai dai a 5:16 na wasiƙar ɗin an yi maganar ɗan'uwa da aka gani yana zunubi, hamartanonta, ita ma mai-ci, kuma ɗan'uwa aka kira shi. Siga kaɗai ba za ta warware wannan ba. Zan buga 1 Yahaya a takarda mai faɗin gefe cikin makon nan, in bi ta daga 1:8 zuwa 5:18 kafin in ba ta amsa.